Gunvor Ba Ta Yarda da "Sai Bayan Ista" Ba

Kowace safiya, komai ruwan da ake shekawa a birnin Bergen, Gunvor Aasheim kan jingine kekenta, ta ɗumama hannuwanta da ruwan zafi kafin ta taɓa cikin kowa. Ta yi furfura tana aikin jinya a sashenmu na binciken ciwon hanta. Masu zuwa gwajin sabon magani, har da waɗanda giya ta ci wa hanta suke shigowa kai a sunkuye, ba ta taɓa tambayar ɗayansu yadda aka yi ba.

Mu abokan aikinta kuwa da wata jarabar muka san ta. Juma'ar farkon wata, kafin a zuba kofi a raba waina, sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko mun duba nononmu. Mun sha yi mata tsaki. Wanzami ba ya son jarfa: mu muke yi wa mata wa'azin duba kansu, mu ne kuma na ƙarshen yi.

Wata Juma'ar hunturu, Tiril, ƙaramarmu, ta amsa tana kallon ƙasa. Gunvor ta bi ta ɗakin canja kaya. Can Tiril ta faɗa mata cewa ta ji wani ƙulli a nononta, amma binciken sabon maganin ya kusa ƙarewa, marasa lafiyarta sun saba da ita, za ta je ganin likita bayan bikin Ista. Gaskiyar ita ce tsoro take ji, don ciwon dajin nono ne ya ɗauke mahaifiyarta, ga 'yarta ko yaye ba a yi ba.

"Yarinya, hanta in an yanke ta tana tohowa," in ji Gunvor. "Ke kuwa ba kya tohowa. Ɗauki rigarki, mu je."

Ciwon daji ne. An cire nono ɗaya, likita ya ce da ta jira da wani labarin ake yi.

Ke ce, Gunvor, kika haɗa marasa lafiyar Tiril da naki, kika fasa hutun da kike yi a bukkarki ta kan dutse, ba wanda ya ji ƙorafinki. An buga sakamakon binciken babu sunanki a ciki, kuma har yau abin yana yi min ciwo.

Yau da kike ajiye aiki, mun gode, uwar ma'aikatan jinya. Ku kuma 'yan'uwa, ku duba kanku, ku matsa wa ta kusa da ku ko da za ta ji haushi. Bana 'yar Tiril ta shiga makaranta, kuma uwarta ce ta riƙe hannunta har bakin aji.