Sanda Uku a Jibiya

Mun tashi da asuba daga Katsina, ni da Baffana, a bayan wata motar kaya da ta ɗauko goronsa zuwa Maraɗi. A aljihuna akwai takardar da makaranta ta ba ni, wadda sai mai riƙona ya sa hannu kafin hutu ya ƙare, in ya yarda in tafi koyon aikin injiniya. Baffa ya riga ya ƙi. A wurinsa injiniya shi ne mutumin nan mai baƙar riga da ke tayar da injin niƙa a bakin kasuwa. Ya ce bai kai ni boko don in ƙare da wanke hannu da kananzir ba, akawu yake so in zama. Ni kuwa ban iya musu da manya ba, sai na riƙe littafina.

Hanyar ta sha ruwan damina. Na soma ƙirga ramukan da muka faɗa ina rubutawa, da fensirin ya karye na haƙura. Gero ya yi kai dama da hagu, matan Fulani na tafe da ƙoren nono. A Jibiya muka sha furar kwabo ɗaya mai kauri, har ludayi na tsayawa a ciki. Nan na fara ganin burodin Faransa, dogo kamar taɓarya. Direbanmu ya ce da an wuce iyaka zai bar hannun hagu ya koma dama, saboda a haka Faransawa ke tuƙi. Baffa ya ce Turawa ma ashe ba su daidaita tsakaninsu ba.

Gaba kaɗan da ofishin kwastan, wanda mutanen ƙetare ke kira duwan, muka tarar da motoci sun yi layi. Ruwa ya cinye wata ƙaramar gada, ana gyara, aiki kuma ya tsaya. Magini Bamaraɗe ya gama gina ƙafafun gadar, kafinta Bakatsine ya yanka katako, amma katakon bai kai ba, saura taƙi guda da ɗan ɗori. Kowa na rantsuwa sanda uku ya auna, kamar yadda shugaban aiki ya faɗa.

"Mushe, idonka ne bai gani!" in ji maginin, yana nufin "malam" da Faransanci.

"To ƙasarku ce ke miƙewa da dare?" in ji kafintan.

Rana ta take, Baffa sai yayyafa wa huhunan goro ruwa yake, yana salati.

Na daɗe ina kallon sandunan awon magini da kafinta. Da ƙyar na matsa na roƙi aronsu, muryata ko ni ban ji ta sosai ba. Na jera su a ƙasa. Ta magini ta ɗara ta kafinta da inci uku da 'yan kai. Na ce musu ta magini mita ce, awon Faransa, ɗayar kuwa yadi ce, awon Ingila, kowa kuma sanda yake ce wa tasa. Sai dariya ta ɓarke, har da masu faɗan. Aka yanka sabon katako da sandar magini. Kafin la'asar motarmu ta haye, direba ya koma dama.

Kafin mu wuce, shugaban aikin, wani dattijo mai faɗin hula, ya zauna da Baffa a inuwa, yana yaba abin da na yi. Ya ce injiniyan da ke duba su Bature ne guda, sai a yi makonni ba a gan shi ba. Ya ce ga zancen mulkin kai ana yi, ga hanyoyi da gadoji da famfunan ruwa da kowane gari zai nema, in Turawa suka tafi wa zai zana su? Baffa ya tambaye shi ko injiniya na niƙa hatsi. Dattijon ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Goro ya isa Maraɗi da ɗanyensa. Kwana biyu muka yi muka juyo, na ga ƙasar can da tamu gero ɗaya, harshe ɗaya, sai awo da hannun tuƙi suka raba mu. Tafiyar ta koya mini cewa abin da na karanta ba ya amfanar kowa sai na buɗe baki.

Da muka iso gida, ko takalmi Baffa bai cire ba ya ce, "Ɗan boko, ina takardar nan taka?" Ya sa hannu da ajami, a hankali, ya hura tawadar ta bushe. Da zai miƙo mini ya ce, "In ka tashi gina tamu gadar, ka fara tambaya da sandar wa za a auna."