Ƙofar Doña Eduviges

Shekara goma sha tara ina akawu a ƙaramar kotun unguwarmu a Santo Domingo, kuma fayil ɗin Doña Eduviges Taveras na cikin waɗanda na fi buɗewa. Ɗinki ta yi a masana'anta har idonta ya raunana. Da abin da ta tara ta ɗora ɗaki biyu a saman gidanta, don kuɗin hayar su riƙe ta a tsufa.

Wilkin Almonte, bakanike, shi ya kama saman. Wata huɗu ya biya, sannan ya daina, ya sayi sabon babur. Ta kai shi ƙara, sau shida na rubuta ɗage zama da hannuna.

A unguwarmu idan ɗan haya ya ƙi tashi, ƙofarsa ake cirewa. Ran Talata, yana wurin aiki, ta sa aka cire, aka jingine ta a kicin ɗinta.

Ran Alhamis sai ga ta gabana da takardar sammacin ƙarar da Wilkin ya shigar a kan ƙofar. Wilkin na bayanta yana karkaɗa makullin babur.

"Don Fermín, karanta min," ta ce. "Wai ni za a rufe?"

"Idan ƙofar ba ta koma kafin sha biyun gobe ba, ana iya tsare ki, Doña."

"Shi fa?"

"Nasa bashi ne. Ba a rufe mutum a kansa."

Wilkin ya yi dariya. "Kaka, a ɗaura ta da kyau, sauro ya ishe ni."

"Kakarka tana ƙauye, marar kunya!"

Washegari na je da kaina don in shaida. Kafinta bai iso ba sai sha ɗaya da rabi. Ita ta tallafi ƙofar a matakala, tana haki, Wilkin na zaune yana cin soyayyar ayaba. Saura minti shida aka ɗaure kusa ta ƙarshe. Na rubuta lokacin.

Bayan wata biyar Wilkin ya tashi don kansa, kwana biyu kafin zama na bakwai. Na bi ɗakunan da takardar da suka sa wa hannu ranar shigarsa. Famfo babu, wayar wuta an zare, an zuba siminti a masai. Ƙofar kaɗai na rubuta lafiya lau.

"Yanzu wa za a kama?" ta tambaye ni.

Na duba fayil ɗin, ko da yake na san amsar.

Kuɗin gyara ya fi ƙarfinta. Ta rufe saman da kwaɗo, ta fito da tsohon keken ɗinkinta bakin ƙofa, tana kiran maƙwabciya ta zura mata zare.