Hannuwan da Kyamarar Kailani Ta Kama

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Tudun Wada ta Zariya neman tarkon ɓera ya san Malam Kailani, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan da ke zaune kan buhu, waya a cinya, filaya a hannu, ba ya ɗaga kai sai ka yi sallama sau biyu. Mutane tsoho mai tarkon gafiya kawai suke gani. Ina! Da sun san wanda suke taya wa kaya, da sun rage murya.

Ɗan maharbi ne, jikan maharbi. In ya dubi sawu a ƙasa, zai gaya maka gada ce ko barewa, a guje take ko kiwo take yi. Ubansu ya koya musu, shi da ƙanensa Mahmudu, ɗaurin zarge, tarkon waya mai cafke ƙafar nama, irin na gidansu, mai ƙulli biyu da ɗan kunne a gefe. Ya kuma kafa musu doka ɗaya: ba a taɓa mace mai ciki, ko da yunwa za ta kashe mutum. Da gari ya cinye daji, Kailani ya rataye bindiga ya koma kasuwa. Mahmudu bai yafe masa wannan ba. Ranar wani suna, a bainar jama'a, ya kira shi sarkin ɓeraye, shi kuwa Kailani ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi. Shekara bakwai ke nan ba sa haɗuwa sai a wajen jana'iza.

Wata Talata wata mata ta tsaya a gaban buhunsa. Dakta Priscilla Kato ce, likitar dabbobi da ta yi ritaya. Tana da gona can gaba da Dutsen Abba, ta zagaye ta da waya, ta zuba barewa goma sha ɗaya da zabin daji, ba don yanka ba, don kawai kada jikokinta su tashi ba su san kamanninsu ba. Yanzu saura takwas. Wani yana shiga yana ɗana musu tarko.

"Baba, na sa kyamara huɗu da ƙararrawa," in ji ta. "Ƙararrawar ta yi ta kuka a wayata, in mun je ba kowa. An ce kai ka san kowane maharbi a ƙasar nan."

"Na san su, Dakta."

"In kyamara ta nuna mutum, za ka faɗa mini sunansa? Hukuma zan kai shi."

Kailani ya ce zai faɗa, ko wane ne. Da bakinsa ya faɗa, ba wanda ya matsa masa.

Da suka je gonar, ya tarar da Injiniya Suhaibu, wanda ya kafa na'urorin, yana nuna aikinsa da alfahari. Kyamarori can saman dogayen sanduna, duk sun zuba wa ƙofa ido. Kailani ya riƙe haɓa.

"Injiniya, ɓarawon nama baƙo ne da zai shigo ta ƙofa ya yi sallama? Wannan abin naka tarko ne, ko ba haka ba?"

"To, kusan haka ne, Baba."

"Ba a ɗana tarko inda maharbi ke bi. Inda nama ke bi ake ɗanawa, maharbi shi zai kawo kansa."

Ya sunkuya ya bi sawu har wata 'yar mashaya a ƙarƙashin ɗorawa. Ya sa aka sauko da kyamara ɗaya aka ɗaure ta a gindin itacen, daidai gwiwar mutum, ta ba gabas baya don kada hasken safiya ya kashe mata ido. Ya shafe ta da kashin barewa saboda warin hannu. Suhaibu ya ji kamar ya yi kuka, sabuwar kyamara dal! Ya ce a wannan tsayin ba za ta ɗauki fuska ba. Kailani ya ce fuska ai rawani ma yana ɓoye ta.

Kwana tara shiru. Ran na goma da hantsi Dakta ta zo kasuwa da kanta, ta miƙa masa wayarta, ta kunna masa abin da kyamarar ta ɗauka.

Bai taɓa ganin abu irin wannan ba. Shi da ya yi shekara arba'in yana bin barewa, bai taɓa ganin ta ba tare da ta san ana kallon ta ba. Ga ta nan a tafin hannunsa, gari ya waye, raɓa a ƙafafunta, cikinta ya yi nauyi har yana rinjayar ta. Ta sunkuya za ta sha ruwa, sai zarge ya cafke ƙafarta ta gaba. Ta fizga, ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Kailani ya ji kamar a ƙafarsa zargen yake.

Sai ga ƙafafun mutum cikin takalmin roba. Mutumin ya durƙusa, hannuwa biyu suka shigo, ɗaya riƙe da wuƙa. Hannun hagu ya shafa cikin barewar, ya tsaya cak. Ya daɗe a wurin. Sannan aka ajiye wuƙar a ƙasa. Aka ciro hula aka rufe mata ido, ta yi lamo. Yatsun suka bi ƙullin, na farko, na biyu, suka ja ɗan kunnen nan na gefe, zargen ya saki. Suka murza ƙafar a hankali, suka ɗebo ruwa suka wanke inda ta yanke. Da aka ɗauke hular, barewar ta miƙe ta tsaya, ba ta gudu ba, tana duban sama inda fuskar mutumin take. Subhanallahi!

"Ka gani, Baba," in ji Dakta, muryarta ƙasa ƙasa. "Sau goma na kalla. Amma babu fuska. Injiniya ya ce ba mai iya gane shi."

Gaskiyar Injiniya. Duk Zariya ba mai iya gane shi sai mutum ɗaya, kuma ga shi zaune kan buhu. Ƙullin gidansu ne. Ɗan yatsan nan da ya karkace kuwa, a gabansa tarko ya karya shi suna yara. In ya ce bai sani ba, magana ta mutu nan take. Kunya ta kama shi, ɗan'uwansa ne ya ci barewa uku na matar da ta amince da shi. Wani alfahari kuma ya taso masa, don dokar tsohonsu tana nan da ranta a hannun da ya yi shekara bakwai bai gaisa da shi ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma alkawari kaya ne, kuma shi ya ɗora wa kansa.

Ya ajiye filaya.

"Sunansa Mahmudu, yana Tudun Jukun. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya."

Dakta ta dube shi.

"Barewata uku, Baba."

"Uku, Dakta. Ban rage ko ɗaya ba."

"Kawo mini shi. Ina so in ga mai hannun nan da idona kafin in san abin da zan yi. Tafi da wayata."

Bayan la'asar ya yi sallama a ƙofar da ya rantse ba zai sake takawa ba. Mahmudu ya fito, ya ga ko wane ne, ya ɗaure fuska.

"Yaya, lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Zauna ka ga wani abu."

Suka zauna kan dakali, tazarar mutum biyu a tsakaninsu. Kailani ya danna inda aka nuna masa, ya miƙa. Mahmudu ya ga mashayar, ya ga barewar, ya gane wurin sarai. Amma da hannuwan suka shigo, masu jijiya, fata duk ta tattare, suna bin ƙulli ba gaggawa, sai ya matso da wayar kusa da idonsa. Bai taɓa ganin hannunsa daga waje ba.

"Yaya," ya ce, "wannan ai hannun Baba ne."

"Shi na gani ni ma."

Mahmudu ya juya tafukansa yana kallo, sai ka ce yau aka ba shi su. Hawaye ya bi gemunsa, bai share ba.

"Ka faɗa mata sunana?"

"Na faɗa. Tana jiran ka."

"Da ka ɓoye, da Baba ma bai yafe maka ba."

Ya shiga gida. Kailani ya zauna yana jin motsinsa a ciki, bai san ko zai fito ba. Can sai ga shi da hula a kai, da damin zarge goma sha biyu a hannu, kowanne da ƙulli biyu da ɗan kunne. Ya miƙa wa yayansa hannu ya tashe shi daga dakalin, bai kuma saki hannun ba.

"Mu je, Yaya. Kai za ka shige gaba."