Daminar bokiti a Darrasa

Jiya da hannuna na jiƙa busasshiyar kuɓewar matata Maman Hafsa, wadda aka kawo mata daga Kano.

Ƙanena Sani ne ya ja. Tun da ya koma tsibirin Zanzibar, kullum sai ya turo hoton ruwan sama, wai shanyarsu ba ta bushewa. Mu nan unguwar Darrasa a Masar ko yayyafi babu. Haushi ya sa na hau saman bene ina sheƙo ruwa da bokiti, 'yata Hafsa tana ɗaukar hoton "daminarmu" ta taga don mu tura masa. Ashe kuɓewar tana baranda.

Uwargida ta ce, "Baban Hafsa, sannu da damina. Miyar fa?"

Na ba ta haƙuri da Larabcin nan, na ce, "Ma'alish."

Ta ce, "Ma'alish ba ya yauƙi."

Jama'a, wa zai taho daga Kano? Ana bina kuɓewa.