Shagon Arras da Ƙarar Mushtari

Shaguna biyu na kafa da hannuna a Abidjan. Na farko yana Adjamé, inda nake sayar da rediyo da talabijin 'yan gwanjo da ake kawowa daga Faransa. Na biyu yana Arras, cikin Treichville, kuma don babban ɗana na buɗe shi. Ƙanwarsa ce ke zama a ciki, amma kowa ya san riƙo take yi masa kafin ya gama karatu a Faransa.

Karatu ya ƙi ƙarewa. Da ya zo hutu yana tsakiyar digirin dakta, na ce ya zo ya ga shagonsa, in ji ranar da zai karɓa. Muka shiga bato, jirgin ruwan haya, daga Plateau.

Na ce, "Wai me kake karantawa? Da Hausa, ban da Faransanci."

Ya sosa ƙeya, don Hausarsa ta yi tsatsa. "Baba, duniyar Mushtari tana fitar da ƙara irin ta rediyo. Akwai manyan eriya da ke kamo ta, amma a cakuɗe take zuwa da hayaniyar tashoshi da tsawa. Ni kwamfuta nake koya wa ta tace."

"Ta yaya?"

"Ina nuna mata misalai da yawa, in ce wannan Mushtari ne, wannan shara. A hankali sai ta fara ganewa da kanta."

Wannan kam na fahimta. Haka nake yi wa sabon ma'aikaci in an buɗe kwantena: ba dogon bayani, ya tsaya kusa da ni yana kallon mai kyau da matacce har idonsa ya buɗe.

"Wa ke saye?"

"Babu kowa, Baba."

"Madalla da kasuwa."

A shago ya buɗe kwamfutarsa ya kunna mana ƙarar. Ƙanwar ta kasa kunne, ta kwashe da dariya.

"Yaya, ai wannan ayaba ce a cikin mai! Suya ka je Faransa saurare?"

"Ke dai ji da batiranki."

Sai ga wani ya shigo neman talabijin. Ɗana ko kai bai ɗaga ba. Yana ta nuna mini wurin da kwamfutar ke ruɗewa har yanzu, yana murna kamar kuskuren riba ne. Ita kuwa ta bar mutumin ya taya, ya fita, ya dawo da ƙafarsa, ta haɗa masa da eriya.

Na daɗe a kasuwa, na san fuskar wanda ya yarda da hajarsa. Ranar na gan ta a wurin su biyun.

Na ce masa, "Shagon nan ba naka ba ne. Koma ka ƙarasa."

Ya sauke numfashi, har na ɗan ji haushi.

Na juya wurinta. "Ke kuma daga yau naki ne."

Ta ce, "To, Baba, ka ce ya ɗauke Mushtarinsa daga kan tebur, wurin kaya ne."