Madarar Da Ba Ta Taɓa Isa Huhuna Ba

Lokacin da na fara aiki a bakin injin niƙa dutse a gindin duwatsun Kwatarkwashi, ƙato ne ni mai ji da ƙarfi, kuma ni ne ladanin masallacin unguwarmu. Ko babu lasifika, na gona ma suna jin kiran sallata. Kullum mukan tashi aiki fari fat, kamar an tsoma mu a buhun gari. An taɓa raba mana takunkumin rufe hanci, na sa na yini ɗaya na jefar, ga zafi, ga abokan aiki suna tsokanata wai na zama likita. Ai muna da maganinmu: da an tashi, kowa ya kafa kai ya shanye gwangwanin madara ko ƙwaryar nono, wai tana wanke ƙurar ƙirji. Na yarda da wannan har zuciyata, duk sabon da ya zo ma ni nake koya masa.

Da tari ya kama ni, sai na ƙara madara. Na sha magungunan wani mai kemis a Tsafe har na gaji. Rannan ina kiran la'asar, numfashina ya yanke a tsakiyar shahada, na tsaya ina haki, sai wani ne ya ƙarasa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Matata ta matsa, muka tafi asibiti a Gusau, aka ɗauki hoton ƙirjina.

Da na gaya wa likitan zancen madara, bai yi dariya ba. Ya ce hanya biyu ce a wuya, ta abinci daban, ta iska daban, kuma akwai ɗan murfi da ke rufe ta iska duk lokacin da mutum ya haɗiya. Ya ce ita ta iskar rassa take yi a cikin huhu har ta kai wasu ƙananan jakunkuna inda iska ke shiga jini, can ƙurar dutse take kwantawa ta zama tabo, huhun ya taurare. Na tambaye shi me zai wanke ta, ya ce babu, sai dai a lallaɓa abin da ya rage.

Yanzu daga gida zuwa masallaci sai na huta sau biyu. Na gaji da tari, na gaji da sannu. Abin da ya fi ci min rai shi ne waɗanda na koya wa, suna can har gobe da gwangwanayensu. Na gane ƙarfi ba ya tare ƙura, kuma yawan masu faɗin magana ba ya sa ta zama gaskiya. 'Yan'uwana masu aikin dutse, ku rufe hanci da baki, ko da za a yi muku dariya. Madara ciki take tafiya. Ni dai yanzu wani ne yake kiran salla, ina zaune ina amsawa a hankali.