Turanci a Ƙarƙashin Hijabi

Nafisat 'yar Roni ce, ta uku a gidan wani tela da ke ɗinki a bakin kasuwa. Ta gama sakandare, ta yi aure, ta haifi biyu, sai da ta kai shekara ashirin da tara ta ce za ta koma karatu ta zama malamar Turanci. Mijinta bai hana ba. Mahaifiyarta ta karɓi yaran, amma ta ɗaga yatsu uku ta ce, "Shekara uku, Nafi. Ƙafafun nan ba za su kai huɗu ba."

A kwalejin horar da malamai da ta shiga akwai darasin da ake kira fasahar koyarwa. To, a ji yadda ake koyar da shi. Malami zai tsaya gaban allo da alli ya zana majigi, ya ja kibiya ya rubuta sunan kowane sashe, ɗalibai sama da ɗari su kwafa. Mako na gaba a zana kwamfuta. Nafisat ta haddace amfanin majigi guda bakwai da illolinsa huɗu, ta zuba su a jarrabawa ta ci, alhali ba ta taɓa ganin an kunna shi ba. Ɗakin kwamfuta kuma akwai shi fa, ba babu ba. Ta taɓa leƙawa ta taga ta ga an lulluɓe su da ƙyalle, makulli yana aljihun wani da kullum ya tafi taro. Don haka ta ɗauka fasahar koyarwa ta mutanen wata ƙasa ce, ita nata kawai ta san sunayen.

A shekara ta uku aka tura ta gwajin koyarwa wata ƙaramar sakandare a Gwiwa. Wanda ya faɗi wannan gwajin sai ya maimaita shekara, kuma ita ba ta da shekarar da za ta maimaita. Kowa ya san yadda ake cinsa. Ranar da malamin kwaleji zai zo dubawa, sai ɗalibi ya tafi Kazaure ya sa mai zane ya yi masa hoto a farin kwali, ya liƙa a bango, a duba a ba shi makin kayan koyarwa. Da mai dubawa ya hau babur, sai a naɗe kwali a ara wa na makarantar gaba.

Ajinta mutum sittin da 'yan kai, maza gefe, mata gefe. Mazan suna kwaɓa Turanci ko daidai ko ba daidai ba. Matan kuwa ko "eh" ba sa cewa, don wadda ta yi kuskure sai an bi ta da shi har bakin rijiya. Akwai wata Fatu, 'yar makiyaya, mai Hausa da Fulatanci a baki, wadda Nafisat ta yi wata guda ba ta san muryarta ba.

Ranar kasuwar Gwiwa ta hango ta. Yarinyar ta karɓi wayar gwaggonta, ta cusa ta cikin hijabi saboda hayaniya, tana aika saƙon murya, baki har da kumfa. Nafisat ta tsaya da ledar tumatir a hannu tana kallo.

Washegari ta ɗauki wayarta ta shiga aji. Ta ce kowace ta karɓa, ta sa cikin hijabi, ta faɗi jimla biyu da Turanci kan abin da ta yi da safe, ta miƙa wa ta kusa. Babu mai ganin bakin wata. Da aka gama sai ta jefa wayar cikin kwanon sha don sauti ya fito, ta kunna ba tare da kiran suna ba, aji ya gyara. A mako na uku matan suka fara rigimar wa za ta fara. Fatu har jimla biyar take yi.

Ran da Malam Daudu ya zo dubawa, dattijo mai furfura da jakar fata, haka ta yi darasinta. Ya zauna a baya yana duban bango. Bayan an tashi ya kira ta gindin darbejiya.

"Malama, ina kayan koyarwarki?"

"Ga shi nan, ranka ya daɗe." Ta nuna wayar.

"Wannan ai waya ce. Da kwano."

"Amma ka ji su, Malam. Yaran nan da ba sa magana."

"Na ji, har na yi mamaki. To ni me zan rubuta? Fom ɗin ba da maki ya ce abin da aka liƙa, girmansa, kyan rubutunsa, ko na baya yana hangowa. In rubuta na ga 'yan mata suna cusa kai cikin hijabi?" Ya yi 'yar dariya, ita ba ta yi ba. Ya rage murya ya ce, "'Yata, zan dawo ran Alhamis. Ki taimake ni in taimake ki."

Wai ta taimake shi! Mace ta buɗe bakin yara talatin da kwano da tsohuwar waya, ita ce kuma za ta taimaki fom.

Ta yi kwana biyu tana juya maganar. Ranta ya so ta ƙi, ta ga iyakar abin. Sai dai in ta faɗi, ba ita kaɗai za ta ɗauki shekarar ba, har da mahaifiyarta mai riƙe da yaran. Ran Laraba bayan azahar ta hau babur zuwa Kazaure, ta sa aka zana mata waya a kwali, da kibiyoyi da sunan kowane maɓalli. Ran Alhamis ta liƙa, ba ta ko waiwaye shi ba har darasi ya ƙare. Malam Daudu ya tashi ya je ƙarshen aji, ya tabbatar ana hangowa, ya cike gurbin a fom.

Sakamako ya fito ta tsallake, da maki na tsaka-tsaki, saboda an lissafa zuwan farko. Wata abokiyar karatunta da ta ari hoton kwamfuta mai launi huɗu ta fi ta nesa ba kusa ba. Nafisat ta je ta kwaso 'ya'yanta a cikin wa'adi.

Yanzu tana koyarwa a 'Yankwashi. In aka tayar da zancen ba ta zagin Malam Daudu. Cewa take yi shi ma da alli aka nuna masa komai, kuma da ya ga dama da bai dawo ran Alhamis ba. Tana da haƙurin faɗin haka. Matan unguwarsu da suka san labarin ba duka ne suka yafe masa ba.